Jirgin da Na Nema wa Izini

Shekarar da ruwa ya ƙi isowa gonakinmu, ni ne sakataren ƙungiyar masu noman rani ta ɓangarenmu, tsakanin Kura da Bunkure. Ba don na fi kowa iya noma aka ba ni ba. An ba ni ne don ina koyar da Hausa a makarantar sakandare, ana ganin bakina zai shiga inda na wasu ba zai shiga ba. Ni ma a lokacin haka nake ganin kaina.

Gonakinmu a wutsiyar kanal suke. Ruwa in ya taso daga dam sai ya ratsa garuruwa da gonakin jama'a kafin ya zo mana, kullum mu ne masu cin ƙanzo. A wannan ranin shinkafa ta kama ƙasa ke nan, tana tsakiyar neman ruwa, sai kanal ya koma ɗigo. Ƙasar fangalin shinkafar ta fara tsagewa. Kowa ya san wani ne a sama ya tare ruwan, ko da buhunan yashi ko ya fasa gefe ya karkatar da shi, amma ba wanda ya san ko wane ne, ba wanda ya san a ina ne. Mun tura mutane sun bi gefen kanal a babur. Wasu wuraren ciyawa ta rufe, wasu kuma sai ka ratsa gonar mutum, ya tare ka yana tambayar abin da kake nema. Sau biyu saura ƙiris a ba hammata iska.

A nan ne na tuna da taubashina, ɗan kawuna, wanda ke zaune a Kano yana sana'ar ɗaukar hoto a wajen bukukuwa. Yana da ɗan jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama. Babur ɗinsa ya sayar ya saye shi, kuma tun daga nan kasuwarsa ta buɗe, don amaren yanzu ba sa ganin an yi biki in ba a hasko su daga sama ba. Da jirgin nan yake ciyar da mace da 'ya'ya uku. Ni da shi tun muna yara ba mu taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba. Sarkin Kwaɗi yake kirana, wai kullum ƙafata a cikin taɓo. Ni kuma in ce masa ɗan birni mai cin shinkafar da bai san uwarta ba.

Na kira shi a waya na faɗa masa abin da nake so: ya zo ya tashi jirginsa ya bi mana kanal, mu ga inda aka toshe ba tare da mun taka gonar kowa ba. Ya fara da tsokana kamar kullum, sannan muryarsa ta sauya. Ya tambaye ni ko akwai sojoji ko wani wurin gwamnati a kusa. Ya ce abin nan ba abin wasan yara ba ne, akwai doka a kansa. Ba a tashinsa kusa da filin jirgin sama, a can ma shi jirgin da kansa yake ƙin tashi. Ba a tashinsa kusa da bariki ko duk inda sojoji suke. Ya ce ya san wani abokin sana'arsu da aka kama a wajen biki kawai don gidan bikin na maƙwabtaka da irin wannan wuri.

Na so in ce babu, amma ban iya ba. Watanni kaɗan kafin nan sojoji sun kafa tantuna kusa da gadar babban kanal, saboda raɗe-raɗin ɓarayin daji da ake yi. Sun sa shinge a hanya, muna wucewa kullum muna ɗaga musu hannu. Da na faɗa masa sai ya ce to a bar maganar. Raina ya ɓaci, don na riga na yi wa mutanen ƙungiya alkawari. Na ce masa sojojin nan mutanenmu ne, tumatirinmu suke ci, zan je da kaina in nemo izini.

Ya ce, "A rubuce?"

Na ce, "Kai ɗan birni, nan ƙauye ne. Bakin mutum shi ne takardarsa."

Ranar Laraba da yamma na ɗora kwandon tumatir da 'yar albasa a bayan babur na nufi gada, don ba a zuwa wajen manya hannu rabbana. Wanda na tarar a bakin shingen wani dogon soja ne da muka saba gaisawa. Ba Bahaushe ba ne, amma yana jin Hausa daidai gwargwado, kuma mutum ne mai fara'a. Muka gaisa, na sauke masa kwando, ya yi godiya. Na ce masa ruwa ya yanke mana, gobe da hantsi muna so mu sa jirgi mu bi kanal mu duba inda aka tare, kuma zai biyo ta nan wajen gada, shi ya sa na ce bari in zo in nemi izini kada su gani su yi mamaki.

Ya ce ba matsala, ruwan ai na manoma ne. Sai ya dube ni yana murmushi ya ce, "Malam, ka dai iya ruwa ko?"

Na yi dariya na ce masa a cikin ruwa aka yanke mini cibi. Na hau babur na dawo ina jin kaina, na kira taubashina na ce an gama. Ya sake tambaya, na sake tabbatar masa, har da rantsuwar da ba wanda ya nema.

Alhamis da hantsi ya iso a mota ta haya, jirgin a cikin wata baƙar jaka a rungume a ƙirji. Manoma sun taru a bakin kanal, har da waɗanda ba su da gona a ɓangarenmu. Ya duba taswirar da ke cikin wayarsa, ya ce ba ta nuna jan wuri ko ɗaya a nan ba, wato inda aka hana tashin jirgi. Daga baya ne na gane tantunan wucin gadi ba sa shiga irin wannan taswira. Jirgin ya tashi da ƙara kamar ta taron zuma, muka yi cincirindo a kan fuskar wayar. Ban taɓa ganin ƙasarmu daga sama ba. Kanal ya miƙe fari, fangali-fangali a jere, namu sun yi ruwan ƙasa, na sama kore shar. Wani dattijo ya gane gonarsa ya yi ta salati.

Muna cikin haka sai gada ta shigo cikin hoton, a gefenta kuma tantuna, da motoci biyu, da mutane ƙanana suna ɗago kai. Taubashina ma ya gan su. Nan take ya juyo da jirgin. Ya sauke shi, yana naɗe fikafikansa ke nan muka ji ƙarar mota a kan hanyar gefen kanal.

Sojoji huɗu ne, kuma babu dogon nan a cikinsu. Ba su doki kowa ba, ba su zagi kowa ba, amma bindigoginsu ba a kafaɗa suke ba. Jama'ar da ta cika wurin sai na duba na ga saura mu biyar. Suka tambayi mai jirgi, taubashina ya ɗaga hannu. Suka karɓi jaka, suka karɓi waya, suka ce ya shiga mota. Ni kuwa ina ta ɗaga murya cewa na nemi izini, jiya-jiyan nan, a tambayi na bakin shinge. Babbansu ya miƙo mini hannu ya ce in ba shi takardar. Na tsaya ina kallon tafin hannunsa. Da motar za ta tashi, taubashina ya dube ni ta baya. Na jira ya jefo mini wata baƙar magana ko da ta wasa ce, bai jefo ba.

Kafin azahar na je gada aka ce an wuce da shi bariki a birni. Dogon sojan kuma an ce ba ya nan.

Zuwa gidan kawu shi ne tafiya mafi tsawo da na taɓa yi, alhali garinsu bai fi tafiyar rabin awa ba. Kawu malami ne mai makarantar allo, mutum ne marar yawan magana, kuma shi ya riƙe ni shekara uku bayan rasuwar mahaifina. Na same shi a zaure, na durƙusa na faɗa masa. Yana jan carbi ya tambaye ni ko da gaske an ba ni izini. Na ce wallahi an ba ni. Ya ce to Allah yana tare da mai gaskiya, in tashi in je in ci abinci.

Kwana biyu na yi ina yawo da wannan gaskiyar tawa. A masallacin Juma'a, a wajen mai shayi, a injin casar shinkafa, duk inda aka tare ni sai in buɗe baki: sun ci tumatirina, sun ce ba matsala, sannan sun ci amana. Ina faɗa ina huci, jama'a na taya ni. Amma huci ba ya hana tsoro. Kowa da labarin da zai kawo mini. Wani ya ce ana zarginsa da ɗaukar wa ɓarayin daji hoton sansani. Wani ya ce irin wannan in an wuce da mutum Abuja sai dai addu'a. Wani ya ce ya san wanda ya shekara biyu ba a ji ɗuriyarsa ba. Ban san wanne ne gaskiya ba, kuma duk na yarda da su. Abinci ya daina wuce mini. Duk motar da ta rage gudu a ƙofar gida sai in tashi in leƙa. Matar taubashina tana kirana sau biyar a wuni, ba ta zarge ni ba, tambaya ɗaya take yi, ko an ji wani abu. Na kai ga in ga lambarta in kifa wayar. Shinkafar da aka yi duk wannan dominta ban ƙara leƙa ta ba.

Ranar Asabar dagacinmu ya aiko a kira ni. Ya samo wanda zai shigar da mu wajen babban jami'in da ke riƙe da maganar, ranar Litinin, ni da shi da kawu. Dagaci tsohon ma'aikacin kotu ne, ba ya son kwana-kwana. Ya ce a can ba a son surutu, don haka in maimaita masa abin da na faɗa wa sojan, kalma bayan kalma, kada in ƙara gishiri.

Na gyara zama na maimaita. Na ce mu sa jirgi mu bi kanal mu duba ruwa.

Ya dube ni. Ya ce, "Wane jirgi?"

Na buɗe baki zan ce ai kowa ya sani, sai na fasa. Kowa a ƙungiyarmu ya sani, don mun kwana uku muna zancensa. Sojan da ke tsaye a bakin gada, ruwa na gudu a ƙarƙashinsa, manomi ya zo ya ce masa zai sa jirgi ya bi kanal, me zai ɗauka? Sai tambayarsa ta dawo mini, da murmushinsa da komai. Ka dai iya ruwa ko? Ba wasa yake yi mini ba. Kwale-kwale yake nufi, yana jiye mini nitsewa. Ban ce marar matuƙi ba, ban ce na sama ba, ban ce mai hoto ba. Ko "tashi" ban ce ba, "sa" na ce. Ni da nake tsayawa gaban allo ina koya wa 'ya'yan mutane cewa jirgi uku ne, na sama da na ƙasa da na ruwa.

Gumi ya karyo mini a cikin zauren nan mai sanyi. Kunya ce ta fara zuwa, tsoro ya biyo ta ya danne ta. Domin duk kwanakin nan abu ɗaya nake riƙe da shi, cewa muna da izini. Yanzu babu shi. Taubashina ya tashi jirgi a kan sansanin soja ba da iznin kowa ba, sai nawa.

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin ƙarya, kuma na daɗe ina yinsa. Mu biyu ne a wajen shingen nan, ba shaida. In na dage cewa na ce masa jirgin hoto, maganata ce da tasa. Wataƙila laifin ya koma kansa, a saki namu. Har na fara gwada jimlar a raina, yadda za ta fito sumul. Amma ina gwadawa ina ganin mutumin yana ɗaukar kwando yana godiya. Shi ma wani ne ya haife shi, kuma bai yi mini komai ba sai fatan alheri. In kuma na faɗi gaskiya, ban san abin da za ta jawo wa ɗan kawuna ba. Dagaci bai ce mini yi ko bari ba. Cewa ya yi in je in faɗa wa kawu kafin Litinin, kada ya ji a gaban baƙi.

Lahadi da safe na koma zauren kawu. Wannan karon ban iya ɗaga kai ba. Na faɗa masa yadda aka yi, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Ranar nan ka rantse mini." Na ce na rantse, Kawu. Na kuma gaya masa abin da nake tunanin faɗa a bariki in ya yarje mini, don ɗansa ne a ciki, shi ke da iko. Ya ce ɗansa ba zai fito ta kan ɗan wani ba. Ya ce in faɗi yadda aka yi, abin da Allah ya rubuta ba zai wuce ba. Muryarsa ba ta yi rawa ba, amma na ga carbin ya tsaya a hannunsa.

Litinin mun yi awa uku a ƙarƙashin darbejiya a ƙofar bariki kafin a shigar da mu. An karɓe wayoyinmu. Jami'in matashi ne, Bahaushe, ya girmama dattawan ya ba su kujera. Aka kira dogon sojan, ya shigo ya ƙame. Ya rame, kuma bai dubi inda nake ba. A nan na gane cewa surutun da na yi ta yi a gari ya riga ni isowa, shi ma kwana huɗu ke nan ana tuhumarsa.

Aka ce in yi magana. Na faɗi kalmomina yadda na faɗe su, na faɗi tambayar da ya yi mini da amsar da na ba shi. Na ce kuskuren nawa ne, shi bai san da jirgin sama ba, mai hoton kuma ya ƙi zuwa sai da na tabbatar masa an ba mu izini. Na ji sojan ya saki numfashi. Na zaci jami'in zai yi dariya, har na so ya yi, amma bai yi ba. Ya ce ko da sojan ya fahimce ni sarai, ba shi da ikon ba da wannan izini, shi kansa da ke zaune a kujerar nan ba shi da shi. Takarda ce ake nema daga sama, jirgin ma sai an yi masa rajista, kuma ko da takarda ba a bi ta kan sansani. Ya ce mu a wajenmu hoton gona ne, su a wajensu abin da ya tashi a kansu ba su san na wane ne ba, kuma an sha kashe musu mutane bayan irin wannan leƙe. Ya ce mu gode wa Allah da ba a harbo shi ba, ba a kuma yi harbi wajen da ya sauka ba. Sai a lokacin na tuna yawan mutanen da na tara a bakin kanal.

Ya ce sun bincika wayar da jirgin: biki, biki, biki, sai shinkafa, sai 'yan daƙiƙu na tantuna. Za a saki taubashina gobe in dagaci da mahaifinsa sun sa hannu sun tsaya masa. Kawu ya rufe fuska da hannu biyu. Ni kuwa da bakin nan nawa da ba ya jin magana, na tambayi jirgin. Jami'in ya ce jirgin ba zai dawo ba, kuma sunan mai shi yana rubuce, kada a sake ganin irinsa a hannunsa sai da takarda.

Talata ni na je ɗauko shi, don kawu jiri ya kwantar da shi bayan ya sa hannu. Tun daga gida nake shirya abin da zan ce, kuma na shirya wa zagi. Na so ya zage ni tas, ya haɗa da kwaɗi da taɓo da duk dangin manoma, in sunkuyar da kai in sha. Ya fito da kayan da ya shiga da su, sun yi dauɗa, wayarsa a hannu, kafaɗarsa ba jaka. Na fara ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ƙaddara ce. Ya hau bayan babur.

Mun ɗan yi nisa sai ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya. Na gangara gefen titi. Ya sauka, ya kunna waya, ya kira wani. Ina jinsa yana gaisuwa a ladabce, yana cewa bikin ranar Asabar ba zai samu zuwa ba, a nemi wani mai jirgin tun da wuri. Ya kira na biyu, ya faɗi haka. Ya kira na uku. Na ukun ya daɗe yana faɗa, shi kuma yana ta cewa a yi haƙuri, a yi haƙuri. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni ina zaune a kan babur a bushe, ina kallon wanda ruwan yake duka.

Da ya gama ya sa wayar a aljihu, ya tsaya yana kallon motocin da ke wucewa. Na kira shi da ɗan birni, a hankali, ko zai tanka. Ya juyo, ya gyara hularsa, ya dube ni yadda ake duban babban mutumin da ba a saba da shi ba.

Ya ce, "Malam, in ba damuwa, a sauke ni a tasha. Na gode da ɗawainiya."